Sharhi: Shin hoto zai iya faɗin irin ƙarin da ke cikin kai kafin a sa wuƙa?

Jama'a masu sauraro barkanmu da warhaka, daga nan Gombe.

Akwai wani bawan Allah da na sani can wajen Kumo, magidanci, bai kai arba'in ba, bai taɓa farfaɗiya ba tunda uwarsa ta haife shi, rana ɗaya yana tsaka da awon masara a kasuwa sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Kun dai san mu, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, sai da ƙanensa ya kafe kafin aka je aka yi hoton MRI, hoto ya nuna ƙari a ƙwaƙwalwa. Matarsa ta tare likita a baranda ta ce, "Likita don Allah, mai sauri ne ko mai jinkiri?" Ya ce mata, "Hajiya, sai an buɗe an yanko an kai lab."

Toh wannan "sai an buɗe" ɗin shi masana ke neman ragewa.

Irin ƙarin ƙwaƙwalwa da ake kira giliyoma, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ganinsa a madubin likita kaɗai bai isa ba, sai an duba ƙwayoyin halittarsa, a 2021 kuma ta ƙara ɗaure maganar. Babba a ciki shi ne wani canji da ake kira IDH, wanda aka gano a 2008. Ƙarin da ke da canjin nan yawanci a hankali yake tafiya, mai shi kan yi shekaru. Wanda ba shi da shi kuwa, irin su giliyobilastoma, ko an yi tiyata an yi gashin radiyeshon an sha maganin kansa mai suna temozolomide, babban binciken 2005 ya nuna rabin marasa lafiyan ba su wuce wata 15 ba, Allah ya kiyaye. Ai kun ga tambayar matar nan ba shirme ba ce, ita ce tambayar da likitan tiyata ma yake so ya san amsarta kafin ya shiga, don ya san iya inda zai yanka, dangi kuma su san ko gona za a sayar.

Yanzu ana ƙoƙarin gane canjin nan daga hoton MRI tun kafin tiyata, har da taimakon kwamfuta, amma abin da ya fi burge ni ba ma na kwamfuta ba ne. A 2017 aka bayyana wata alama: a hoto iri ɗaya mai suna T2 ƙarin ya fito fari fes gaba ɗaya, a ɗaya hoton mai suna FLAIR kuma tsakiyarsa ta yi duhu, gefe ya rage fari kamar zobe. In aka ga haka a babban mutum, kusan tabbas akwai canjin IDH. Amma fa ba kullum take fitowa ba, rashin ganinta bai nuna komai. Kuma ido kawai take buƙata, idon likitan hoto da ya san ta, hotunan biyu kuwa dama ana ɗaukarsu a MRI na kai.

Ita kuwa ƙirƙirarriyar basira da ake ta yi mana kirarinta, a yi hattara. A wajen gane IDH daga hoto tana taɓuka abin kirki. Amma a 2021 an yi gasar manhajoji ta duniya a kan gane wata alamar daban daga hoto, MGMT, wadda ke nuna ko temozolomide zai yi aiki sosai, kuma wallahi sakamakon da kaɗan ya fi canki-canka. Ga shi yawancin hotunan da aka koya wa manhajojin nan daga Amurka da Turai suka fito, injinan MRI ɗinsu sun fi da yawa daga namu ƙarfi, marasa lafiyansu suna zuwa da wuri, namu sai abu ya ci ya cinye, sai a 2023 ma aka shigar da hotunan Afirka, har da na Najeriya, cikin BraTS, babbar gasar manhajojin duba hoton ƙarin ƙwaƙwalwa. Manhajar da ba ta taɓa ganin kan Bagombe ba, ni dai ba zan ba ta amanar kaina hannu bibbiyu ba.

Kuma kar wani ya ji wannan ya ce shikenan an daina yanko nama. Ko maganin vorasidenib da Amurka ta amince da shi a Agustan 2024 don masu canjin IDH, bayan tiyata da gwajin nama ake ba da shi.

Roƙona ga likitocin hoto na asibitin koyarwa na tarayya da ke nan Gombe da na Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, in kun hango zoben nan ku rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar sakamako. Ku kuma na gida, babban mutum ya fara farfaɗiya rana tsaka, a yi addu'a amma a kama hanyar asibiti a satin.

Mutumin Kumo dai an yi masa aiki, ya koma rumfarsa, yana shan maganin farfaɗiya safe da yamma. Labaran wasanni na nan tafe.