Me ya sa karaya ke riga ciwon gwiwa warkewa?

Assalamu alaikum jama'a. Kun taɓa lura kuwa, mutum zai karye, sati 6 zuwa 8 ka ga ƙashi ya haɗe, amma ɗan ƙwallo gwiwa kawai zai murɗe ya shafe wata da watanni yana jinya? To maganar duk ta jini ce.

Akwai sassan jiki da aikinsu shine riƙewa da ɗaurewa, likitoci na ce musu konektib tishu. A cikinsu akwai ƙashi, da guringuntsi, da agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, da igiyoyin da ke ɗaure ƙashi da ƙashi a gaɓa, da kitse, kai har shi kansa jinin ɗan gidan ne. Dangi ɗaya ne amma rabonsu na jini ba ɗaya ba.

Ƙashi da kuke gani kamar dutse, wallahi cike yake da ƙananan hanyoyin jini, ga ɓargo a ciki inda ake ƙera jinin ma, shi ya sa yana karyewa jini zai taru a wajen ya kawo abinci da iskar oksijin, gyara ya fara nan take. Kitse ma yana samu sosai. Agara da igiyoyin gaɓa kuwa ɗan kaɗan ke isa gare su, shi ya sa targaɗe mai tsanani ke da naci.

Guringuntsi shine abin tausayin. Wanda ke kan gaɓa ba shi da hanyar jini ko ɗaya, ruwan cikin gaɓar yake tsotsa kamar soso, in ka taka ya matse, in ka ɗaga ya sha. Kun ga ke nan motsi shine cin abincinsa. A gwiwa akwai wani mai kamar jinjirin wata, ana ce masa meniskus, gefen waje kamar kashi 1 cikin 3 ne kawai ke samun jini, in nan ya yage likita zai iya ɗinkewa ya kama, in can ciki ne da wuya ya haɗe.

Shi ma ƙashin fa in jini ya yanke masa mutuwa yake. Wannan ke faruwa da kan ƙashin cinya a wajen 'yan uwanmu masu sikila, hanyoyin jinin wajen dama 'yan kaɗan ne sai su toshe. Don Allah mai sikila in ciwon kwatangwalo ya ƙi tafiya, ko ya fara ɗingishi, a je asibiti a yi hoto da wuri kafin kan ƙashin ya lotsa.