Lantarki da ruwan zafi daga madubi ɗaya

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla. Yau maganarmu a kan wata na'ura ce da ke tara hasken rana wuri ɗaya, ta ba da lantarki da ruwan zafi tare.

Duk wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a kan faifan sola da tsakar rana ya san ba a daɗewa ake janyewa. Wannan zafin asara ce. Idan sama ta washe, rana tana sauke kimanin wat 1,000 a kowace murabba'in mita, amma faifan silikon na yau da kullum kashi 20 cikin ɗari, ko ɗan sama da haka, yake mayarwa lantarki. Mafi yawan saura zafi yake zama, kuma zafin cutar da faifan yake yi: da ya haura digiri 25, kowane ƙarin digiri yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa.

Sai injiniyoyi suka ce, tunda sanyaya shi za a yi, a bi bayansa da bututu, ruwa ya kwashe zafin a yi aiki da shi.

Yanzu ku dubi gilashin nan mai ƙara girman abu da ke hannuna. In na fita da shi rana na kara a kan takarda, haske zai taru a ɗigo ɗaya kamar ƙwayar ido, kafin ka ce kwabo hayaƙi ya tashi. Abin da na'urar da muke magana a kai take yi ke nan, da madubi mai lanƙwasa ko gilashin Fresnel, irin wanda aka fara sawa a fitilun jagorar jiragen ruwa a Faransa a shekarun 1820. A wurin ɗigon sai a sa 'yar ƙaramar ƙwayar sola, wato abin da ke mayar da haske lantarki, mai hawa-hawa, kowane hawa da launin hasken da yake kamawa. A 2022 cibiyar Fraunhofer ta Jamus ta kai kashi 47.6 cikin ɗari da irin wannan ƙwaya, da hasken da aka ninka sau 665. Amma fa a ɗakin gwaji ne, kada wani ya tafi da zaton haka take yi a kan rufi.

A nan ruwa ba zaɓi ba ne. Famfo ya tsaya, ƙwaya ta ƙone.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙwayar sanyi take so, mai buƙatar ruwan kuma zafi yake nema. Ka bar ruwan ya yi zafi sosai, lantarki ya ragu. Ka hanzarta shi don ƙwaya ta sarara, ka tashi da ruwa mai ɗumi-ɗumi wanda bai isa komai ba. Shi ya sa ake yawan tsayawa ƙasa da tafasa, zafin da zai ishi wanki a asibiti ko otal, ko ɗumama gini. Jami'ar Ƙasa ta Ostiraliya da ke Kanbera ta gwada haka a wani ɗakin kwanan ɗalibai.

Sannan madubi ba ya tara hasken da ya watsu. Gajimare ko ƙura suka rufe sama, faifan gama-gari zai ci gaba da lallaɓawa, wannan kuwa sai ya kwanta. Dole kuma injin ya riƙa juya shi yana bin rana tun safe har yamma, kuma abin da ke motsi ba ya rabuwa da gyara. Ni dai a ganina, in ba ka da aikin da zai cinye ruwan zafin kullum, faifan gama-gari ya fi maka.

Malam, na ga hannunka a sama, bismillah.