Mikisar DJ: Me Ake Biya, Sauti ko Suna?

Ku dubi wannan akwatin ƙarfe da ke tsakiyar teburin DJ. Hagu da dama ga na'urorin da ke buga waƙa, amma duk sautin da zai kai kunnen masu rawa sai ya ratsa ta cikinta. Ita ce mikisa. Waƙa ta shigo ta layin farko, wata ta layi na biyu, DJ ya daidaita ƙarfinsu, ya rage nauyin gangar wannan ya saki na waccan, sannan ya miƙa wa lasifika su biyun tamkar waƙa guda. Aikinta ke nan. To in aikin ɗaya ne, me ya sa wata take ninka wata kuɗi sau biyar ko fiye, alhali in ka ajiye su gefe da gefe kamar uwa ɗaya ta haife su?

Mu bi layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa tukuna, don nan ne bambancin yake ɓuya. Murɗin farko a can sama shi ke auna yawan sautin da ke shigowa. A ƙarƙashinsa akwai murɗa uku, wani lokaci huɗu, da ake kira EQ: siririn sauti a sama, muryoyi a tsakiya, ganga mai nauyi a ƙasa. Sai filta, wadda ke tace waƙa har ka ji kamar daga ɗakin maƙwabci take fitowa. Sai feda, wannan ɗan abin da ake turawa sama a jawo ƙasa don ƙara ko rage ƙarfin sautin layin. Wadda ke kwance a gindi tana tafiya hagu da dama kuwa, ita ce kirosfeda, wadda ke sauya sauti daga wannan waƙa zuwa waccan. Fitilun nan kore da ruwan ɗorawa da ja, su ne ke gaya maka ko ka wuce gona da iri.

Sunan da za ka fi cin karo da shi a manyan wuraren rawa na duniya shi ne Pioneer DJ, na ƙasar Japan. Sun fito da DJM-800 a 2006, DJM-900NXS2 a 2016, sai DJM-A9 a 2023. Kamfanin kansa ya sauya suna zuwa AlphaTheta a 2020, amma a bakin masu sana'a har yau Pioneer ake cewa. Abin da ya ɗora su a sama ba wai kunnuwan duniya ne suka taru suka yanke cewa sautinsu ya fi na kowa ba. Na'urarsu ta buga waƙa, CDJ, ita ta fara mamaye rumfunan DJ tun daga CDJ-1000 na 2001, mikisar kuma ta bi sawunta. Akwai wayar da ke haɗa su, mikisa ta san gudun waƙar da ke kan kowace na'ura, amon da ka ƙara ya faɗo daidai kan kiɗa. Ka shirya waƙoƙinka a manhajar rekordbox, ka zuba a filashi, ka isa wurin biki ka soka, shi ke nan.

Saboda haka wanda ya sayi Pioneer, rabin kuɗinsa sabo ya saya. Hannu yana da hadda irin tasa. Cikin duhu, hayaƙi ya turnuƙe, mutane na ihu, ba ka da lokacin karanta rubutun da ke jikin murɗi. Yatsanka ne zai tafi inda ya saba. In a gida ka yi shekara kana atisaye a kan tsarin da za ka tarar a rumfa, ka riga ka ci rabin jarrabawa. Ƙananansu irin DJM-450 da DJM-750MK2 tsarin babbar suka kwaikwaya, kuma da gangan aka yi haka. Ga kuma saukin sayarwa: in ka gaji da ita, mai saye ba ya wuyar samu, kuma darajarta ba ta zubewa da sauri.

Amma in ba ka shirin hawa rumfar kowa, a ɗakinka ko a wurin da kai ke kai kayanka za ka riƙa kiɗa, to wancan sabon da ka biya wa kuɗi ba abin da zai tsinana maka. Nan ne ya kamata ka juya ka kalli Allen & Heath.

Kamfanin Ingila ne, tun 1969 suke ƙera mikisa, mazauninsu yana Cornwall. Jerinsu na DJ sunansa Xone, kuma wadda ta yi fice ita ce Xone:92, sai ƙanwarta Xone:96 da ta fito a 2018. Babban bambancin shi ne hanyar da sauti ke bi. A manyan Pioneer ana mayar da sautin lambobi, a sarrafa shi da lissafi, sannan a mayar da shi wutar da lasifika ke ji. A Xone:92 kuwa sautin yana tafiya a matsayin wutar lantarki daga shiga har fita, abin da ake kira analog. Masoyanta kan ce sautinta ya fi ɗumi. Ni dai ina taka-tsantsan da wannan kalma, domin a ɗaki mai lasifika matsakaita, da waƙar da aka matse a MP3, mutane da yawa da ke rantsuwa sun ji bambanci ba za su iya nuna wace ce wace ba in an rufe musu ido. Abin da ba ya buƙatar rantsuwa shi ne abin da hannu ke taɓawa.

Ku kalli layin Xone:92: murɗan EQ huɗu ne, ba uku ba. An raba tsakiya gida biyu. Amfaninsa yana fitowa ne lokacin da ka bar waƙoƙi biyu suna tafiya tare na minti biyu ko uku. Muryar mawaƙiya tana saman tsakiya, jikin kiɗan yana ƙasan tsakiya, sai ka sassaƙe ɗaya ka bar ɗaya, maimakon ka kwashe su gaba ɗaya da murɗi guda. Filtarta kuma tana da nata murɗin na musamman, an rubuta a jikinsa daga sanyin hali zuwa hauka. Ka bar shi a ƙasa, waƙa ta dusashe a hankali kamar rana na faɗuwa. Ka kai shi ƙarshe, ta yi wani fito mai kaifi da zai iya tayar da zaure ko ya tsaga kunne, ya danganta da hannun da ke riƙe. Shi ya sa masu kiɗan tekno suka rungume ta.

Tana da nata haraji. Xone:92 ba ta da tarin adon sauti a ciki irin amo da maimaici, sai ka haɗo wata na'ura daga waje. Wanda ya saba da Pioneer kuma, daren farko zai sha mamaki, don sai ka danna maɓalli ka tura layi zuwa filta kafin ta yi aiki. Ba ta yafe ganganci. Wasu na ganin wannan aibi ne, ni kuwa ina ganin tana koya wa mutum ya saurara.

Akwai kuma mutanen da duk wannan surutu na EQ bai dame su ba, masu karce faifai, wato masu jan faifai gaba da baya da hannu don fitar da kiɗa. Su layi biyu ya ishe su, ransu yana kan kirosfeda. A cikin minti ɗaya mai karce zai iya kaɗa ta sau ɗaruruwa. Tsohuwar feda tana da ɗan harshen ƙarfe da ke gogar wani layin gawayi a ciki, kuma duk abin da ke guga dole ya cinye. Na taɓa sayen wata mikisa mai araha, ba zan faɗi sunanta ba, ina murna na yi dabara. Wata huɗu da fara karce a kanta sai na lura in na kai kirosfeda ƙarshen hagu, waƙar dama tana nan tana raɗa a ƙasa-ƙasa, ta ƙi yin shiru. Bayan haka ta fara ƙarar yashi duk sanda na taɓa ta. Na buɗe bayanta na tarar an liƙe fedar da dalma a jikin allon, ba a yi ta don a sauya ba. Arahar nan sai da na biya ta sau biyu.

Maganin wannan ciwo shi ne feda mai maganaɗisu, wadda na'ura ke gane inda take ba tare da wani abu ya gogi wani ba. Rane, kamfanin Amurka da aka kafa a 1981, da wannan ya yi suna, da kuma ƙarfen jiki mai kauri. Su ne suka haɗa hannu da kamfanin manhaja Serato na New Zealand a 2004 aka fitar da Scratch Live, tsarin da ya bar DJ ya juya faifai na gaske amma waƙar tana fitowa daga kwamfuta. A 2016 kamfanin inMusic ya saye Rane, kuma mikisocinsu Seventy-Two da Seventy sun fito ne bayan haka. Pioneer ba su bar musu filin ba: DJM-S9 ta 2015 da DJM-S11 ta 2020 suna da tasu feda mai maganaɗisu, Magvel. Tsakanin waɗannan biyu, gaskiya magana ta koma ga yadda yatsa ke ji. Sai ka taɓa.

Denon DJ, wanda shi ma a hannun inMusic yake, ya zo da wata dabara: a ba ka kaya da yawa a kan kuɗi ƙasa da na Pioneer. X1850 tana da layi huɗu, wurin soka kwamfuta biyu, har da mahaɗar waya a jikinta da za ta haɗa na'urori huɗu, abin da a DJM-900NXS2 sai ka sayo daban. A takarda ta ci. Inda take rama shi ne ba kasafai za ka tarar da ita a rumfar wani ba, kuma ranar sayarwa za ka ji a jikinka. Ga mai kai kayansa wurin biki da kansa, wannan ba matsala ba ce sosai.

Reloop na Jamus da Numark suna da na masu farawa da ba za a raina ba. Abu ɗaya zan roƙa: ka tambaya ko ana iya cire kirosfedar a sa wata, irin Innofader. Can ƙarshen kasuwa kuma akwai masu murɗi zalla babu feda, jikokin mikisocin Bozak da UREI na gidajen rawan New York, waɗanda yanzu ƙananan maƙera ke haɗawa da hannu, har AlphaTheta ta shigo da euphonia a 2024. Kyawawa ne, tsada gare su, kuma sai mai lasifikan da za su iya nuna abin da suke yi.

Wani abu da ba a rubuta shi a jikin kwali: kamfani yana iya mutuwa ya bar ka da kayansa. Vestax ta Japan ta yi tashe ƙwarai a wurin masu karce, ta rufe a 2014, masu mikisarta suka koma farautar kayan gyara. Mikisar da ta dogara da manhaja ma tana da irin wannan haɗari, don ranar da aka daina sabunta abin da ke haɗa ta da kwamfuta, rabin amfaninta ya tafi. Ta analog zalla ba ruwanta da wannan, muddin akwai wuta da mai gyara.

Sai fitilun nan da na nuna muku da farko. Duk mikisa tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Mai tsada tana da sarari mai yawa kafin ta shaƙe, mai araha nata kaɗan ne, amma in ka bar ja yana ci ba ƙyaftawa, dukansu za su fitar da sauti mai tsagewa. Na sha jin ana zagin na'ura alhali murɗin sama ne aka kai ƙarshe. Ka tsaya a kore, ruwan ɗorawa ya riƙa leƙowa in ganga ta sauka, ƙarfin kuma ka nemo shi daga amfilifaya.

In ta hannu za ka saya, wanda sau da yawa nan ne riba take, kada ka yarda da hoto. Ka sa abin ji a kunne, ka kunna waƙar da ka haddace. Ja kowace feda a hankali daga ƙasa zuwa sama kana sauraron ƙarar yashi. Murɗa kowane murɗi har ƙarshensa biyu, ka ɗan girgiza shi ka ji ko yana lilo. Kai kirosfeda gefe ɗaya, ka ƙara ƙarfin abin jin, ka tabbata ɗaya gefen ya mutu murus. Gwada kowace kafa a baya, har da ta garmaho ko da ba ka da shi yanzu. Sannan ka kai hanci kusa da ramukan iska ka shinshina, ka shafa tsakanin maɓallan da yatsa. In ka ji danƙo, an taɓa zubar mata da abin sha, kuma abin da ya gangara ciki yana nan yana cin allon a hankali.