Lamba tara a kan na'ura, cuta ɗaya a cikin soket

Hauwa: Assalamu alaikum masu saurare. Yau muna tare da Malam Habu, mai aikin wayarin mota, da kuma Sani. Malam, wata akori-kura aka kawo maka wadda ambaliya ta shafa. Yaya ka same ta?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ruwa ya kai mata har kujera. Ta kwana biyu a haka, aka shanya ta, ta tashi, amma tana kakkarwa tana mutuwa. Da na jona na'urar bincike, lamba tara ta fito, irin lambobin da mota ke bayarwa don nuna inda matsala take. Kafin a kawo min ita, mai motar ya riga ya sayi sensa uku sababbi, ba abin da ya canza. Wallahi na ji masa ciwo.

Sani: To Oga, ai ba laifinsa ba ne. Na'ura ta ce P0107, ya duba ya ga sensar MAP ce, mai auna matsin iskar da ke shiga inji.

Malam Habu: Nan ne ake tuntuɓe. P0107 cewa take wutar da ke dawowa daga layin sensar ta yi ƙasa. Layin ya haɗa da waya, da soket, da ita kanta ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta. Sensa ɗaya ce cikin waɗanda ake zargi. Da na ga P0107 ga P0122 ta maƙura, ga kuma P0641 ta wutar da ake ba sensa, sai na tambayi kaina, me ya haɗa su? Sensa ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya.

Hauwa: Me ya haɗa su ɗin?

Malam Habu: Bolt 5. Ƙwaƙwalwa tana ba sensa da yawa wutar bolt 5 daga tushe ɗaya. Idan guda ta sha ruwa ta haɗe wuta da jikin mota, sai ta ja sauran ƙasa, kowacce ta yi kuka. Na buɗe makulli ban tayar da inji ba, na sa mita, na ga ƙasa da bolt 1. Sai na riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, idona a kan mita. Da na zare na sensar matsin baƙin mai, can ƙasan inji, nan take biyar ta dawo. Na kifa soket ɗin a tafin hannuna, ruwan laka ya ɗigo. Filolin ciki sun yi kore shar, ɗaya ma da na taɓa shi da tsinke sai ya karye.

Sani: Allah Sarki. Da ma an goge lambobin tun farko a ga wadda za ta dawo.

Malam Habu: A'a Sani, rubuta su tukuna. Na'urar tana ajiye yanayin da inji yake ciki lokacin da lambar ta shiga, zafinsa da gudunsa. Ka goge, ka zubar da shaida. Kuma ka duba batir, domin batir mai rauni shi kaɗai yana haifar da lambobin ƙarya.

Hauwa: Wanda ba shi da mita fa, sai ƙaramar na'urar da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari?

Malam Habu: Ita ma tana da amfani. Soket ɗin nan mai fil 16, OBD-II, tun 1996 Amurka ta wajabta shi, shi ya sa lambobin da suka fara da P0 ma'anarsu ɗaya a kowace mota. Da safe, inji da sanyi, ki duba zafin iska da zafin ruwan inji. Ya kamata su yi kusa da juna. In kika ga ɗaya ya nuna 40 ƙasa da sifili, waya ce ta katse ko soket ya ci tsatsa.

Sani: Ni wadda take ba ni tsoro U0100.

Malam Habu: Da gaskiyarka, ita ce ke cewa an daina jin ƙwaƙwalwar inji. Amma kada ka yi saurin yanke mata hukunci. Cire kan batir, ka auna juriyar layin da mita tsakanin fil na 6 da na 14 na soket ɗin OBD-II, ka nemi om 60. In ka ga 120, layin ya yanke a wani wuri. Ka bi wayoyin da aka ɗaure a jikin bodi ma, ka kankare su. Ruwa yana bin cikin silin waya kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, har ya isa ƙwaƙwalwa bayan makonni. Shi ya sa na ce wa mai motar ya dawo min da ita bayan wata guda.

Hauwa: Abu ɗaya nake so mu jaddada. Wanda motarsa ta nutse yanzu, ya gwada tayarwa?

Malam Habu: Don Allah kada ya murɗa makulli. Ruwa ba ya matsuwa, in yana cikin silinda sai ya lanƙwasa sandar fistin. Ya cire batir, ya taɓa matatar iska ya ji ko ta jiƙe, ya zaro sandar baƙin mai. In ya ga ta yi fari-fari kamar madara, a juye man, a kwance fulogogi a fitar da ruwan, sannan a zo maganar lambobi.

Sani: Ita akori-kurar fa?

Malam Habu: Na sa sabon soket da sensar mai, na wanke sauran da feshin wanke soket, na busar. Lamba takwas suka tafi. Ta tara, P0113 ta sensar zafin iska, waya ce ta ruɓe kusa da matatar iska, na yanke na yi mata dalma.

Hauwa: Madalla. Mun gode Malam, sai mun haɗu a shiri na gaba.