Cin Ruwa a Ƙafa: Laccar da Aka Gabatar a Birnin Kano

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Maganarmu ta yau a kan cin ruwa ce, ciwon nan da yake kama tsakanin yatsun ƙafa, fata ta yi fari ta jiƙe, ta riƙa saɓulewa da ƙaiƙayi, wani lokaci har ta tsage tana wari.

Ƙwayar cutar da ke haddasa shi fangas ce, danginsu ɗaya da wadda ke sa wa yara makero a kai, kuma abincinta shi ne mataccen saman fata da farce. Tana bunƙasa ne inda ɗumi da danshi suka haɗu, shi ya sa ta fi kama tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, inda iska ba ta shiga. Ana ɗaukarta a daɓen banɗaki, da wurin alwala, da silifas ɗin da kowa ke zurawa, da tawul na haɗaka.

A nan nake so mu tsaya sosai. Mu mutane ne masu alwala sau biyar a yini, muna kuma tsettsefe yatsu kamar yadda aka koyar da mu, to amma sai mutum ya idar da salla ya zura safa da takalmi sau-ciki alhali tsakanin yatsunsa bai bushe ba, ya koma ofis ko kasuwa cikin zafin Afrilu, ƙafar tana gumi har la'asar. Danshin da aka kulle a takalmi shi ne matsalar. Malaman Malikiyya ba su hana goge gaɓɓai bayan alwala ba, don haka a ajiye ɗan tsumma mai tsabta, na mutum shi kaɗai, a bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Abu ne mai sauƙi, kuma a ganina babu rigakafin da ya kai shi.

Masu wankin mota, 'yan garuwa da iyayenmu mata masu wanki da wanke-wanke suna yawan haɗuwa da cin ruwa, musamman a watan Agusta da lunguna ke cika da ruwa. A riƙa sauya safa kullum, a shanya takalmi a rana, a kuma guji kwana biyu a jere da takalmi ɗaya.

Idan ya riga ya kama, man shafawa irin su clotrimazole yana warkar da shi cikin mako 2 zuwa 4, da sharaɗin kada a daina don ƙaiƙayi ya lafa. Ina roƙonku ku guji man nan mai haɗi uku da ake saya a kemis, domin sinadarin siteroyid da ke cikinsa yana kwantar da ƙaiƙayi yayin da cutar take ƙara yaɗuwa.

Idan ta shiga farce, sai ya yi kauri, ya koma ruwan ɗorawa yana marmashewa. Wannan sai likita, domin yawanci ƙwaya ake sha har kusan wata 3, sabon farcen kuma yakan ɗauki shekara ko fiye kafin ya gama fitowa. Mai zuwa wajen masu yankan farce na bakin titi ya tafi da kayan yankansa.

Masu ciwon suga kuwa, ƙaramar tsaga a ƙafarsu tana iya zama gyambo, ga shi da yawansu ba sa jin zafi a ƙafa. Su duba tsakanin yatsunsu kowane dare, ko su sa wani a gida ya duba musu, kuma da zarar an ga tsaga, kumburi ko ruwa, a tafi Asibitin Murtala ko asibiti mafi kusa a ranar.