Chari Maigumeri: Samanjan da Jamus da Ingila Duk Suka Ba Lambar Yabo

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa bi ta Lokoja zai iya jin sunan barikin sojan garin, Barikin Chari Maigumeri. Yau labarin mai sunan za mu kawo muku, Allah ya jiƙansa.

Mutumin Borno ne. Yana ɗan saurayi ya shiga sojan Jamus a Kamaru, lokacin ƙasar tana hannunsu. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, da sojojin Ingila ya gwabza, har Jamusawa suka maƙala masa lambarsu ta jarumtaka, mai siffar kuros na baƙin ƙarfe. Daga baya Ingilishi suka kama shi. A 1917 sai ga shi cikin kakinsu, an tura shi Gabashin Afirka ya yaƙi iyayen gidansa na jiya.

Mu Sakkwatawa mun san rundunar Ingila da ya shiga. Ita ce ta iso Giginya, a bakin birnin Sakkwato, ranar 15 ga Maris 1903, ta yi arangama da mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Shi ya sa dattawanmu suka daɗe ba sa kallon aikin soja da mutunci. Wannan gaskiya ce, ba za mu rufe ta ba. Amma talaka mai neman abin sawa a baki ba shi ya zana iyakar Kamaru da Nijeriya ba.

Ku dubi hoton sojan wancan zamani: jar dara a ka, gajeren wando na kaki, galibi ƙafa ba takalmi. Hausa ce harshen bariki, Bature ma dole ya koye ta. A cikin wannan tsari Maigumeri ya hau daga saje har ya zama babban samanja na bataliya ta 3, wanda in ya daka tsawa a filin fareti kowa sai ya shiga taitayinsa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi ba yaro ba, duk da haka ya tafi. A Habasha ya yaƙi Italiyawa, ya sami lambar jarumtaka ta Ingila, MM. Sannan ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), inda rundunoni na 81 da na 82 na Afirka ta Yamma suka fuskanci Japanawa cikin surƙuƙin daji da ruwan sama mara yankewa, kaya a ka, abinci sai jirgi ya jefo daga sama. A 1944 aka ƙara masa lambar yabo ta Daular Ingila, BEM.

To ga inda abin yake da ciwo. Shekara 36 cikin kakin Ingila, yaƙin duniya biyu, amma duk ƙaramin laftanan Bature da ya sauko daga jirgin ruwa jiya, shi Maigumeri zai sara masa. Ƙofar zama hafsa ba ta buɗe wa 'yan Nijeriya ba sai ƙarshen shekarun 1940.

A 1953 ya je Landan bikin naɗin Sarauniya Elizabeth, ya dawo ya ajiye aiki, aka ba shi kyaftin na girmamawa. A wannan shekarar ce wani matashi daga lardin Borno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da anini a kafaɗa.