Darasi: Rubuta Bayanan Littafi Yadda Mai Nema Zai Same Shi a Intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan laburare. Daga ɗan ɗakin karatunmu nake magana, nan wani ƙauye kusa da Ringim. In kun ji hayaniya ku yi haƙuri, yau kasuwarmu ke ci.

To, kun tuna katin nan da muke jerawa a durowa, mai ɗauke da sunan littafi da marubuci da shekara? Shi ne ake kira metadata yanzu. Bambancin kawai, a da mutum ke karanta katin, yau kuwa na'ura ce, ita kuma ba ta san kara ba. Abin da ka rubuta mata, shi ta sani.

Ku dubi kwamfutar nan. Wannan manhajar Koha ce, inda muke rajistar littattafai da tsarin MARC 21. Kowane bayani da lambarsa: 245 sunan littafi, 100 marubuci, 650 maudu'i. Waccan kuma DSpace ce, rumbun da muke zuba shafukan da muka ɗauki hotonsu. Ita da Dublin Core take aiki, tsari mai gurabe 15 da ya samo asali a 1995 a garin Dublin na jihar Ohio ta Amurka. Kwaso bayani daga MARC zuwa Dublin Core kamar juye buhu ne a kwanon awo, dole wani abu ya zube. Misali garin da aka buga littafi, MARC ta ware masa wuri, amma cikin guraben nan 15 babu nasa. Ni dai a gurbin ƙarin bayani nake rubuta shi, kada Zariya ko Kano ta salwanta a hanya.

Akwai wata ƙa'ida, OAI-PMH, wadda manyan rumbunan bincike ke bi su kwashi bayananmu. Yawanci ba sa gyara maka kuskure. Kuskuren da ka yi a nan ƙauye, haka zai tafi duniya.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne, wato haruffa masu lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ. Na taɓa shafe makonni ina shigar da littattafai da wani tsohon salon rubutu da aka sa mini a kwamfuta. A gabana komai lafiya lau. Da aka kai bayanan wani rumbu, wallahi duk inda ƙ take sai ta koma alamar tambaya. Sai da na sake aikin daga farko. Saboda haka ku tabbata da Unicode kuke rubutu, wato tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, ku adana da UTF-8, salon adana rubutun Unicode. Kada ku rubuta k da waƙafi a samanta wai ita ce ƙ. Amma fa ɗalibin da ke nema da waya, yawanci "kasa" zai buga, ba "ƙasa" ba, kuma ba kowace manhajar bincike ce ke haɗa su ba. Dabarar ita ce, a 245 ka rubuta sunan daidai da lanƙwasarsa, sannan a 246, gurbin wani salon sunan, ka maimaita shi babu lanƙwasa. Ko ta ina ya biyo zai same shi.

Sunan marubuci kuma, Muhammad, Muhammadu, Mohammed, a wajen na'ura mutum uku ne. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai.

Bari in ɗauko wannan takardar. Waƙar wa'azi ce da ajami, wani dattijo ya ba mu aro daga gafakar mahaifinsa. Da yawa suna ganin haruffan Larabci sai su sa "ara", wato lambar harshen Larabci, a gurbin harshe. A'a, Malam. Karanta ka ji, Hausa ce, don haka lambar Hausa, "hau", za ka sa, ka bayyana cewa da ajami aka rubuta. In ba haka ba, mai neman waƙoƙin Hausa har abada ba zai gan ta ba. A ƙarshenta marubucin ya sa 1400. Hijira yake nufi, wato 1979 ko 1980. Ka zuba 1400 haka nan a gurbin shekara, na'ura za ta ɗauka takardar ta haura shekara 600. Miladiyya ake sawa a nan, ta Hijira a ƙarin bayani.

Cajin sola ya fara ja, kuma ga La'asar ta gabato. Kafin mako mai zuwa kowa ya ɗauki littafi 5 daga kantarsa ya shigar, sannan ya ba wani yaro waya ya ce ya nemo su, ba tare da ya nuna masa yadda aka rubuta ba. Wanda yaron ya kasa samowa, shi za mu buɗe tare mu gyara.